Wanda Ya Miƙo Hannu

Ni na san su, duk na haddace su,
mugayen fim masu kawo kansu.
Shekara shida ina aikin dare a kanta,
ni da waya mai tsagaggen gilashi
da shayin da ya huce tun ƙarfe tara.

Ga yadda suke yi.
Bos ya gama ƙone rabin gari,
an bi shi har takalma sun cinye,
sai ga shi ya shigo da ƙafarsa,
riga a goge, ko gumi babu,
ya ce, ga ni.
A ɗaure shi, a kai shi ɗakin gilashi,
jarumi na can yana shan hannu da manya,
shi kuwa idonsa na kan agogon bango,
yana murmushin kurar da aka kulle a mahauta.

Nakan daka wa waya tsawa: kai, soko!
Yaushe kaza ta taɓa kai kanta gun wuƙa?
Ba sa ji.
Wuta ta ɗauke, ƙofa ta buɗe kanta,
mai gadi ya mutu bai ko sami suna ba.
Wannan ya fi min ciwo,
don ni ne mai gadin.

Saje Davou ya ce fim ya cinye min kai.

To, ran Talata, ana ruwan Agusta,
irin na Jos, mai shiga ƙashi ya zauna,
'yan kasuwar Farin Gada suka kawo mutum.
Wai dankali ya ɗiba, kwano guda,
a gaban mai shi,
ya rungume, ya tsaya, bai ko waiga ba.
Mari uku ya sha kafin su iso.

Suna? Sallau.
Sana'a? Gyaran rediyo a Dilimi.
Shekaru? Ya ce, rubuta sittin.
Na ɗauko ankwa, ya riga ni miƙo hannu.
Gabana ya faɗi.

Na laluba hula, na ɓare tafin takalmi,
na bi ɗinkin wando da farce.
Ba reza, ba waya, ba laya.
Rigar sanyi ce dai har biyu a jikinsa,
amma wa zai tuhumi wannan a garin nan?
Ya ce, yallaɓai, ɗakin tsarewa nawa gare ku?
Na ce, ɗaya ne.
Sai ya yi murmushin.
Wallahi shi ne, na san shi.

Na ƙara kwaɗo a kan kwaɗo,
na ƙirga harsashi sau biyu,
na zauna ina jiran wuta ta ɗauke.
Davou na ta minshari a benci.

Ƙarfe uku na lura da shirun.
Akwai wani yaro tun samamen Juma'a,
Nafi'u, ba wanda ya zo da kuɗin beli,
kwana huɗu yana tari
har kunnena ya daina jinsa,
kamar janaretan maƙwabta.
Yanzu babu tarin.

Na ɗauki tocila, ƙafata na rawa.

Tsohon na zaune da 'yar singileti,
bayansa jingine da siminti mai raɓa.
Rigunan nan biyu suna jikin yaron,
kan yaron a cinyarsa,
yana shafa masa ƙirji a hankali.
Hanci iri ɗaya. Goshi iri ɗaya.
Ina idona yake ɗazu?

Ya ɗago, haske ya kashe masa ido,
bai roƙe ni komai ba.
Me zai roƙa? Shiri ya riga ya ci,
ba ƙofar da ta buɗe, ba wanda ya mutu.

Na koma kanta, na jawo littafi,
na rubuta: ƙarfe uku, komai lafiya.
Fim saura minti ashirin,
bos na daf da fita.
Na kife wayar,
na je neman inda Davou ya ɓoye hita.